Tambaya Da Amsa: Motar Baba Ta Zabura Da Kanta, Ko Ƙafarsa Ce Ta Kuskure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina shekararsa 71, ya fi shekara 40 yana tuƙi, ko gogar mota bai taɓa yi ba. Makon jiya yana ƙoƙarin ajiye motarsa otomatik, sai ta zabura ta daki katanga. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin. Ya rantse ƙafarsa na kan birki, yana ƙara takawa tana ƙara ƙugi. Bakanike ya duba bai ga komai ba. Yayana ya ce totur Baba ya taka, a karɓe makulli kawai. Ni kuwa na karanta cewa motoci suna yin haka da kansu, har kamfanin Toyota ya biya tara a kai. Baba ba ya ƙarya. Wa ke da gaskiya? In kuma abin ya same ni a kan hanya, me zan yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara tsarewa, ya ƙara wa Baba lafiya. Ba zan yi miki kewaye-kewaye ba: na fi zaton totur Baba ya taka. Kuma na yarda da ke ɗari bisa ɗari cewa ba ƙarya yake yi ba. Maganganun nan biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma da idona na ga yadda hakan ke faruwa.

Bayan na bar aikin gareji na yi shekaru ina koyar da tuƙi. Wanda ke zaune a gefen direba yana ganin abin da shi direban ba ya gani, wato ƙafarsa. Wani magidanci ya taɓa zuwa wurina don ya saba da otomatik, bayan ya daɗe yana tuƙa mai kuloci. Muna cikin fili na ce ya ja da baya ya shiga tsakanin ganguna biyu. Ya karkace ya waiwaya, ya ɗora hannun dama a bayan kujerata, ƙugunsa ya juya, ƙafarsa ta gusa kamar faɗin tafin hannu bai sani ba. Da ya zo tsayawa ya taka, sai motar ta zabura. Bai ɗaga ƙafar ba. Ƙara dannawa ya yi har ƙasa, yana ɗaga murya, "Malam, birki ya ƙi! Birki ya ƙi!" Ni kuwa ga takalminsa ina gani shimfiɗe a kan totur. Na tura giyar zuwa N, wato inda injin ke rabuwa da tayoyi, na ja hambirki, motar ta tsaya tana ƙugi da ganga guda a ƙarƙashinta. Sai da na ce masa sau uku, "Alhaji, dubi ƙafarka," sannan ya sunkuya. Ya daɗe yana kallonta, hannuwansa na rawa a kan sitiyari. Da ba na cikin motar a ranar, har gobe zai rantse birki ya taka, kuma da zuciya ɗaya zai yi rantsuwar.

Ƙwaƙwalwa tana aika wa ƙafa umarni ne, ba ta bin sawu ta duba inda ƙafar ta sauka. Wani masanin motsin jikin ɗan Adam a Amurka, Richard Schmidt, ya yi bayanin wannan tun 1989. Motsin da muka maimaita sau dubbai ba ya sauka daidai wuri guda kullum, jefi-jefi yakan kauce kaɗan, musamman in zaman mutum ya canja ko hankalinsa ya rabu. Idan motar ta yi akasin abin da ake jira, tsoro ya shigo, mutum ba ya sake lissafi. Abin da yake yi shi zai ƙara wa ƙarfi. Bayan ƙura ta lafa kuma, niyyarsa ce ke zaune a ransa, ita yake tunawa. Hukumar kula da lafiyar motoci a hanyoyin Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa kimanin haɗurra 16,000 ake yi a ƙasar duk shekara saboda taka totur a madadin birki. Sun fi faruwa a wurin ajiye mota da bakin ƙofar gida, kuma sun fi samun sababbin direbobi 'yan ƙasa da shekara 20 da dattawan da suka haura 65. Ki auna wannan da labarin Baba: wurin ajiyewa, tafiya a hankali, otomatik, shekara 71. Ki lura kuma da wuya ki ji irin wannan labari daga mai mota mai kuloci. Shi in zai tsaya ƙafarsa ta hagu tana kan kuloci, ko da ta dama ta kuskure injin ne kawai zai yi ihu, motar ba za ta je ko'ina ba.

Maganar ta daɗe a duniya. A watan Nuwamban 1986 wani shirin talabijin na Amurka, 60 Minutes, ya nuna motar Audi 5000 a matsayin mai zabura da kanta. Daga baya aka gano an yi wa motar da aka nuna a shirin dabara, an tura mata iska mai ƙarfi a akwatin giya don ta motsa. A 1989 binciken hukumar NHTSA ya kammala cewa galibi kuskuren ƙafa ne, amma aikin gama ya gama. Audi da ta sayar da motoci kusan 74,000 a Amurka a 1985, zuwa 1991 ta dawo kusan 12,000. Alheri guda da ya fito daga rikicin shi ne tsarin da ke hana giya fita daga P, wato giyar ajiye mota, sai an taka birki, wanda ke cikin motar Baba yanzu haka. A 2010, da aka duba na'urorin adana bayanan haɗari na motocin Toyota 58 da aka ce sun gudu da kansu, a cikin 35 ba a taɓa birki ba sam. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, ranar 1 ga Yulin 2024, wani direba ɗan shekara 68, wanda tuƙin bas ne sana'arsa, ya afka wa masu tafiya a ƙasa, mutum 9 suka rasu. Ya dage cewa motar ce ta zabura. Masu bincike suka sami shatin totur a ƙasan takalminsa na dama.

Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfi a wurina, a matsayina na wanda ya kwance birki ya ɗaura ba adadi, shi ne birki mai lafiya ya fi injin ƙarfi nesa ba kusa ba. Mujallar Car and Driver ta gwada a lokacin rikicin Toyota. Ta ɗauki Camry mai silinda 6 tana gudun kilomita 113 a awa, aka taka birki ta tsaya cikin mita 53. Aka sake, wannan karon totur na danne har ƙasa, ta tsaya cikin mita 58. Mita 5 kacal aka ƙara. To motar da ke rarrafe za ta shiga wurin ajiyewa fa? In da gaske ƙafar Baba na danne da birki da dukkan ƙarfinsa, injin zai yi ƙugi, tayoyi su yi ta ƙoƙari, amma motar ba za ta kwasa ta kai ga katanga da ƙarfi ba. Kafin labarin ya tabbata yadda yake jinsa a ransa, sai totur ya buɗe da kansa, birki ya mutu a daidai wannan daƙiƙar, sannan dukansu biyu su warke kafin bakanike ya iso. Birki kuwa mai ne cikin bututu, in ya zube ana ganin jiƙa a ƙasa, ba ya komawa da kansa.

In na tsaya nan ban yi miki adalci ba, domin abin da kika karanta yana da tushe. Totur yana maƙalewa, kuma ya kashe mutane. Ranar 28 ga Agustan 2009, kusa da San Diego a jihar Kalifoniya, wani jami'in 'yan sandan manyan hanyoyi yana tuƙa Lexus ES350 da dillali ya ara masa yayin da ake gyaran tasa. An shimfiɗa wa motar tabarmar roba ta wata mota daban wadda ta fi ta girma, bakin tabarmar ya riƙe totur a ƙasa. Motar ta haura kilomita 160 a awa. Surukinsa ya kira lambar gaggawa daga kujerar baya yana cewa babu birki. Shi da matarsa da 'yarsu da surukin duk suka rasu. Da aka duba, an ga birkin ya ci wuta saboda daɗewa ana takawa. Motar kuma da maɓalli ake kunna ta ba da makulli ba, ba ta mutuwa a kan gudu sai an danne maɓallin na daƙiƙa 3, abin da wanda ya ari mota da safe ba lallai ya sani ba. Duk lokacin da na tuna mutumin nan, wanda hanya ce wurin aikinsa, sai in ji ba ni da bakin raina wanda ya rikice a irin wannan hali.

Bayan wannan Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda tabarma, sannan a Janairun 2010 ta janye wasu miliyan 2.3 a Amurka saboda totur mai jinkirin dawowa. Tarar da kika ji, dala biliyan 1.2 a watan Maris na 2014, ta biya ta ne saboda ta ɓoye wa jama'a da hukuma abin da ta sani game da waɗannan matsaloli biyu. Batun cewa kwamfutar mota ce ke buɗe totur da kanta kuwa, injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun shafe wata 10 suna bincike, a Fabrairun 2011 aka sanar ba su sami lahanin lantarki da ke jawo irin wannan gudu ba. Duk da haka a Oktoban 2013 wata kotu a Oklahoma ta saurari ƙwararrun da suka soki tsarin manhajar wata Camry ta 2005, ta ɗora wa kamfanin laifi da diyyar dala miliyan 3. Saboda haka ni ba na cewa kwamfuta ba ta kuskure. Abin da nake cewa, in an tara labarai ɗari irin na Baba aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ce ke fitowa a mafi yawansu, sai tabarma ko wani abu da ya shiga ƙarƙashin ƙafa, sauran kuma 'yan ƙalilan ne.

Kafin ku yanke hukunci a gida, ku je ku durƙusa ku leƙa wurin ƙafar direba. Tabarma nawa ce a wurin? Na sha ɗaga ta roba in tarar da wata a ƙarƙashinta, ta saman ba a maƙale da komai ba, tana zamewa gaba a hankali har ta hau kan totur. Ku duba ko gorar ruwa ta gangaro. Ku danna totur da hannu injin na kashe, ku sake, ku ga ko yana dawowa da sauri. Ku tambayi wanda ya gani ko jajayen fitilun baya sun kama, in akwai kyamara a wurin ta fi kowa shaida. Ku duba takalmin da Baba ya sa ranar, silifas da takalmi mai faɗin ƙasa sun jawo ɓarna da yawa. Motoci da dama kuma suna adana bayanin daƙiƙu kaɗan kafin karo, mai na'urar da ta dace zai iya karanta abin da aka taka.

Maganar karɓe makulli, ku bi ta a hankali. Mutumin da ya yi shekara 40 yana kai ku makaranta da asibiti bai cancanci a tsare shi gaban 'ya'yansa ana ce masa ya tsufa ba. Ku fara da likita. Ciwon suga yana rage jin tafin ƙafa har mutum ya kasa bambance abin da yake takawa, ciwon gwiwa da wasu magunguna ma suna taka rawa. In lafiyarsa ƙalau, a gyara masa kujera yadda diddigensa zai zauna a ƙasa daidai gaban birki, ya riƙa karkata kan ƙafar zuwa totur yana dawowa, kuma ya saba ajiye ƙafa a kan birki duk lokacin da ba ya ba da wuta. In abin ya sake faruwa, to lokacin wata maganar ya yi, kuma ke da kika yarda da gaskiyarsa ke ya kamata ki yi masa ita.

Yanzu ke, in ya same ki a hanya. A cikin daƙiƙun nan ba ki da lokacin gano mai laifi, kuma ba ki buƙata, maganin ɗaya ne. In kina jin birki kike takawa amma motar na ƙara gudu, ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Wannan shi ne mafi wuya, domin duk jikinki zai ce ki ƙara dannawa. In ƙugin ya sauka da kika ɗaga, kin sami amsa. Sai ki nemi birki, wato mai faɗin, ki danne shi da dukkan ƙarfinki, da ƙafa biyu in ta kama, ki riƙe kada ki sake. A lokaci guda hannunki ya tura giya zuwa N. Da zarar ta shiga N injin ya rabu da tayoyi, ko tabarma ce, ko kwamfuta ce, ko ƙafarki ce, motar ta daina samun wuta. Mai kuloci ya taka kuloci kawai. Idonki na kan hanya, ki gangara gefe, ki tsaya cak, sannan ki kashe injin.

Kada ki yi ta taka birki kina sakewa. A yawancin motocin fetur, abin da ke sa birki laushi a ƙafa wata tukunya ce a bayansa da ke aiki da zuƙar iskar injin. In totur na buɗe har ƙarshe wannan zuƙar tana ɓacewa, abin da ya rage a tukunyar bai wuce taku biyu ko uku ba, daga nan birkin ya koma kamar dutse. Haka nan taka shi rabi-rabi don rage gudu yana dafa shi har ya daina kamawa. Kada ki sunkuya ki ce za ki ciro totur da hannu, kada kuma ki nemi waya. Ki sami fili babu kowa cikin makon nan, kina tafiya a hankali ki tura giya daga D, giyar tafiya gaba, zuwa N sau goma ba tare da kin kalli hannunki ba. Abin da hannu ya saba shi yake yi ranar tsoro. Ki tafi da Baba ku yi tare.

TAMBAYA: Malam, an ce mini sa mota a N tana gudu yana fasa injin. Ba gara a murɗe makulli a kashe ta ba, ko a ja hambirki? Daga wani sabon direba.

AMSA: Ɗana, injin zai yi ihu har ka ji kamar zai tarwatse, amma motocin zamani suna da abin da ke yanke mai in juyin injin ya kai iyaka. Ko da ma zai fashe, ana sayen wani. A yawancin motoci masu sandar giya, daga D zuwa N ba sai ka danna maɓallin sandar ba, kuma kada ka danna shi, domin shi ne ke hana ka zarcewa zuwa R, giyar baya. Masu giyar maɓalli ko ta murɗawa kowacce da tsarinta, ka buɗe littafin motarka yau ka duba.

Kashe injin yana nan a matsayin mataki na gaba in N ta ƙi shiga. Illarsa sitiyari zai yi nauyi, taimakon birki kuma ya ƙare bayan taku kaɗan. In za ka yi, murɗa makullin mataki ɗaya kawai, kada ka kai shi ƙarshe, kada ka zare, don kada sitiyari ya kulle kana tafe. Mai maɓalli ya danne ya riƙe, kada ya ɗan taɓa ya sake. Hambirki na sanda tayoyin baya kaɗai yake kamawa, in ka fizge shi a kan gudu bayan motar zai juyo gaba. Motoci da yawa na bayan 2010 suna da tsarin da ke yanke totur in an taka shi tare da birki, amma kada ka dogara da shi sai ka tabbatar taka tana da shi.

TAMBAYA: Malam, na ga babbar mota mai dizal tana ƙugi tana fitar da hayaƙi kamar gobara, direban ya zare makulli amma ba ta mutu ba. Wannan fa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wannan gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma daban yake da abin da muka tattauna a sama. Injin dizal ba ya buƙatar tartsatsin fulogi, matsin iska ne ke kunna masa mai. In hatimin turbo, na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, ya lalace, ko aka cika baƙin mai ya wuce ƙa'ida, baƙin man yana bi ta hanyar iska ya shiga injin, injin ya riƙa ƙona shi a matsayin abinci. Makulli dizal yake yankewa, ba shi da iko a kan baƙin mai, shi ya sa zare shi bai yi komai ba. Injin zai yi ta ƙara juyi har man ya ƙare ko ya fashe.

In kana tafe, taka kuloci ko ka sa N ka fara tsayawa a gefe. Mai kuloci yana iya sa babbar giya, ya danne birki sosai, ya saki kuloci don ya shaƙe injin, amma a farkon abin ake yi kafin juyin ya yi nisa. Makanikai suna toshe bakin shigar iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ba, ba kuma da tsumma ba, domin zuƙar tana iya haɗiye shi. In ba aikinka ba ne, ka fitar da mutane daga motar, ku yi nisa da gefen injin, ku bar shi ya ƙare da kansa.